Yadda Akawu Ya Gyara Tambayar Auta

Akawu bai taɓa zama akawun kowa ba. Sunan ya bi shi ne saboda tafireta, shi kuwa bai taɓa cewa a daina ba. Shekara talatin da shida ya yi a baranda ɗaya, daura da ofishin ɗaukar ma'aikata, da teburinsa mai gajeriyar ƙafa da yake tokarewa da guntun kwali, da benci ɗaya na masu jira. Sana'arsa buga wa mutane takardar neman aiki.

Yana aji uku a sakandare ubansa ya rasu, karatu ya tsaya nan. Kawunsa ya kai shi inda ake koyon bugu, ya yi wata tara, ya fito da 'yar takardar shaida. Wasiƙar farko da ya rubuta tasa ce. Ya miƙa ta a ofishin nan, aka ce ya dawo mako mai zuwa. Yana ta dawowa yana zama a barandar, sai ya lura rabin masu jiran ba su iya haɗa layi biyu ba. Ya fara rubuta musu da biro, daga baya ya sayi tsohuwar tafireta a gwanjo. Amsar tasa wasiƙar har yau ba ta fito ba, ya ma daina ambatonta.

Yana da tsari, kuma ko an matsa masa ba ya kauce masa. Kowace wasiƙa kashi uku ce. Da farko gaisuwa da yabo, layi shida cif, a ɗaga mai ofis a kai shi inda bai taɓa mafarkin zuwa ba. Sai kuka: maraici, tsufan iyaye, ƙanne a baya. Idan mai nema ba maraya ba ne, Akawu kan tambaye shi ko an yi rashi a dangi kwanan nan, a samu abin sawa. Sannan roƙo, gajere, na kowane irin aiki ko da shara ce. Yakan gaya wa masu zuwa cewa babban mutum ba ya son a tambaye shi, so yake a roƙe shi. Duk maɓallan tafiretarsa sun goge har ba a ganin haruffan, ban da na alamar tambaya, wanda yake nan fes kamar ranar da aka ƙera shi.

Kowace wasiƙa yana cire kwafinta da kabon ya ajiye. Wanda ya samu aiki ya dawo da albishir, sai Akawu ya nemo kwafin ya ja masa layi da jan biro a kusurwa. A shekarun da masaƙa ke aiki dare da rana, ga kamfanin batir, ga na takalma, cikin kowace wasiƙa goma, huɗu kan sha jan biro. Mutane na dawowa da kaza, da sandar sabulu, wani ma ya kawo masa takalmi baƙi daga albashinsa na farko. Akawu ya ɗauka hannunsa ne ke da albarka. Ba wanda ya gaya masa cewa a lokacin ko da gawayi ka rubuta a bayan kwali za a ɗauke ka, don injuna ne ke neman hannu.

Masaƙa ta fara rufewa. Na takalma ya bi. Na batir ya yi ta jan ƙafa har shi ma ya kwanta. Jan biron ya bushe a aljihun tebur. Akawu ya duba ya duba, ya yanke cewa yaran yanzu ne ba su iya ladabi ba, suna shiga ofis suna kallon manya cikin ido. Sai ya ƙara layi biyu a kan yabon, ya zama takwas.

Maƙwabcinsa a barandar Mai Hoto ne, mai ɗaukar ƙananan hotunan da ake maƙalawa a takarda. Yana da jan ƙyalle da yake ratayawa a bango, da kwat ɗaya toka-toka da yake ara wa duk wanda ya zo, siriri ko ƙato. Yakan ce kwat ɗin nan ta fi kowa neman aiki a garin, kuma ita ma har yanzu tana jira. Shi yana kiran Akawu Babban Sakatare, Akawu yana kiransa Mai Kwat Ɗaya. Da waya ta zo, yara suka koma neman aiki ta cikinta, su biyun suka rage da tsofaffin masu gadi da direbobi, da yini guda na hira.

'Ya'yan Akawu huɗu ne. Babban yana tuƙa babur na haya, biyu mata suna gidajensu. Auta ce kaɗai ta kai jami'a, ta karanta ilimin sinadarai da niyyar shiga kamfanin batir, aka rufe shi tana shekarar farko. Ta gama, ta dawo ɗakin uwarta, ta yi shekara huɗu tana kitso a tsakar gida tana koya wa yaran maƙwabta lissafi. Ubanta ya buga mata wasiƙa ta fi sittin. Tana karɓa da hannu biyu, ta sa hannu, ta kai. Yarinya ce mara yawan magana, amma idan ta yi, ba ta zagaye. Uwarta kan ce wannan halin ba a gidan ta same shi ba.

A shekarar ne babbar jam'iyya ta tashi fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa, mutum huɗu suna nema. Wani gidan talabijin ya shirya musu muhawara a kan talauci da rashin aiki, ya ce marasa aikin yi su aiko da tambayoyi, za a zaɓi mutum shida su tsaya gaban 'yan takarar su yi da bakinsu. Auta da wasu abokan karatunta, da suke haɗuwa duk Laraba a wani aji bayan an tashi makaranta, suka zauna suka tsara ɗaya, suka aika da sunanta. Aka zaɓe ta. Sharaɗin gidan talabijin shi ne a kawo tambayar a buge, kafin azahar ɗin Alhamis. Abin da ke kan takardar shi za a karanta, minti ɗaya, wanda ya kauce a kashe masa makirufo.

Ranar Alhamis ɗin ce ranar da likitan ido ya ba uwarta, kuma layin asibitin tun asuba ake kama shi. Gidan talabijin kuwa titi biyu ne daga barandar Akawu. Sai ta ba shi takardar da ta rubuta da hannu, ta ce ya buga ya miƙa mata. Ta ce, "Baba, yadda take ɗin nan." Ya ce mata shi za ta koya wa bugu? Ta yi murmushi, ta kama hannun uwarta suka fita.

Sai da ya zauna ya goge tabarau sannan ya karanta. Ga abin da ta rubuta: "Babana ya shekara talatin da shida yana buga wa mutane takardar neman aiki. Shekara bakwai ke nan ba ko ɗaya da aka amsa. Kamfanoni uku na garinmu an rufe su, biyu a lokacin da ɗayanku yake ministan masana'antu. Wanne za ku buɗe, a wane wata, kuma mutum nawa zai ɗauka?"

Ba gaisuwa. Ba ranka ya daɗe ko ɗaya. Ashe yarinyar nan ta jawo kwalayen da ke ƙarƙashin gado ta bi kwafin nan ɗaya bayan ɗaya tana neman jan biro. Yanzu kuma za ta tsaya gaban ƙasa duka ta ce wasiƙun ubanta ba sa ci. Wannan ya soke shi, amma ba shi ya fi tayar masa da hankali ba. Manya huɗu za su tsaya a gabanta, kowannensu da kalma ɗaya zai iya ba ta kujera, ita kuma za ta kashe mintinta wajen tsokanar su. Shi da ya yi shekara talatin da shida yana aika takarda ga mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba, ga 'yarsa za ta gan su ido da ido, ta dawo hannu wofi.

Ya miƙa wa Mai Hoto ya karanta. Mai Hoto ya karanta sau biyu, ya ce yarinyar nan ta iya naushi, ya bar ta yadda take.

Akawu ya ce, "Ka taɓa ganin an ɗauki wanda ya zagi mai ofis?"

"Babban Sakatare, ni shekara bakwai ban ga an ɗauki kowa ba. Ita ma abin da ta ce ke nan."

Akawu ya ce masa ya tsaya a kan kwat ɗinsa, takarda ba fanninsa ba ce. Ya sa sabuwar takarda da kabon, ya gyara zama. Ya ba ta yabo layi takwas, mafi kyawun da ya taɓa haɗawa. Ya sa ciwon idon uwarta, ya sa tsufansa, ya cire maganar wasiƙun da ba a amsa ba, ya cire minista da kamfanoninsa. Ya rufe da roƙon a taimaka wa baiwar Allah da kowane irin aiki. Kamar yadda ya saba, ya maƙala kwafin takardun karatunta a baya da hotonta guda biyu. Yarinyar da ke karɓar takardu a gidan talabijin ba ta ko duba ba, ta buga hatimi ta jefa a tire. Da yamma Auta ta tambaye shi ko ya kai, ya ce ya kai. Ya gaya wa kansa cewa za ta gode masa daga baya.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma aka fara. Gidansu ba wuta, sai ya sa rigarsa ta fita da baƙin takalmin nan ya tafi shagon mai aski, inda ake tayar da janareta. Shagon ya cika har ƙofa, aka ba shi kujerar aski ta tsakiya saboda 'yarsa ce za ta fito.

'Yan takarar suka yi ta yi. Tsohon minista ya ce a zamaninsa ne aka fi ɗaukar ma'aikata. Attajirin cikinsu ya ce shi ma da tallan ruwa ya fara, talauci a zuciya yake. Farfesa ya kawo lissafi har mai gabatarwa ya katse shi. Na huɗun, tsohon ɗan majalisa, ya yi alkawarin aiki miliyan uku, attajiri ya ce shi biyar, mai aski ya ce a bar su su ci gaba, kafin magariba kowa zai samu biyu-biyu. Da aka zo tambayoyi, saurayin farko ya ajiye takardarsa ya fara faɗin abin da ke ransa. Bai kai jimla biyu ba aka kashe makirufo, bakinsa na motsi ba sauti, wasu ƙarti biyu suka raka shi waje.

Auta ce ta uku. Ta fito da mayafin yayarta, aka miƙa mata takardar. Ta duba. Akawu ya ga idonta ya sauka ƙasan shafin, ya koma sama, ya sake sauka. Agogon da ke gefen allo yana ta ci. Ta ɗaga kai ta kalli ƙofar da aka fitar da saurayin, ta kalli mai gabatarwa, sannan ta fara karantawa, da irin muryar da ake karanta sanarwar ɓatan akuya. Ya masu girma, iyayen ƙasa, inuwar marasa gata. A layi na huɗu wani ya yi dariya a cikin zauren, wasu suka taya shi. Ba ta tsaya ba. Ta bi ta kan idon uwarta, ta kan tsufan ubanta, ta kai kan ko da shara ce daidai lokacin da ƙararrawa ta buga.

Tsohon minista bai jira an ba shi dama ba. Ya dafa ƙirji ya ce ga irin tarbiyyar da ƙasa ke bukata, ba masu ihu ba. Ya ce 'yata, ki ba yarona takardunki, an gama. Zauren ya ɗauki tafi. Ba wanda ya ambaci masaƙa, ko batir, ko takalma, har aka tashi.

A shagon mai aski aka yi ta miƙa wa Akawu hannu. Wani ya ce tsohon hannu daban ne. Ya taka zuwa gida kamar an cire masa shekara ashirin, ya tsaya ya sayo lemo kwalba huɗu. Mai Hoto ne kaɗai ya zame daga shagon ba sallama.

Auta ta dawo bayan magariba. Ta gaishe shi a durƙushe kamar kullum, ta cire mayafin ta ninke. Uwarta na zaune a bakin gado da auduga a ido ɗaya. Ya tura mata lemo, ba ta taɓa ba.

Ta ce, "Baba, ina tambayata?"

Ya ce ya gyara ta ne, kuma ga shi gyaran ya yi rana, ko ba ta ji abin da minista ya ce ba.

"Ba aiki na je nema ba."

"To me kika je yi? Shekara huɗu kina kitso."

"Tambaya na je yi. Mu goma sha ɗaya muka rubuta ta."

Nan ya ɗaga murya, abin da bai saba ba. Ya ce tambayar da za ta tona masa asiri gaban duniya, ta ce wasiƙun ubanta ba sa ci? Ta ce, "Cewa na je in yi ba laifin wasiƙunka ba ne. Ba inda za a kai su ne." Ta tashi ta shiga wajen wanke-wanke. Uwarta ta ce da shi, da ido ɗaya ma ita ta ga abin da bai gani ba, ya sha lemonsa.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi, ba shi da tsawo kuma. Aka yanko wurin da take cewa inuwar marasa gata, ya yi ta yawo a wayoyi, yara suna kwaikwayo a bakin famfo. Abokan Laraba suka ce ta sayar da su don kujera. Ba ta gaya musu wanda ya buga takardar ba, ko mutum ɗaya, ta dai daina zuwa. Akawu ya matsa mata ta je ofishin tsohon ministan, ta je sau uku. Na farko aka ce yaron nasa ya fita, na biyu aka ce ta dawo mako mai zuwa, na uku ta tarar an cire allon ƙofar, don ministan ya faɗi zaɓen fitar da gwani, attajiri ya ci. Da ta dawo ta faɗa masa maganar mako mai zuwa, ba ta ba shi mamaki ba. Ya san wannan amsar tun kafin a haife ta.

Bayan wata biyar wata ƙanwar uwarta ta samo mata tsaron kantin magani a wani gari mai nisan yini guda a mota. Ba a nemi wasiƙa ba. Ta haɗa jakarta, ta durƙusa ta yi masa sallama, ya sa mata albarka. Tana kira duk Juma'a. Tana gaishe shi da kyau, ta tambayi ƙafarsa, sannan ta ce a ba Mama. Tun daga ranar muhawarar ba ta ƙara nuna masa wata takarda ba, ko ta asibiti ce.

Takardar da ta rubuta da hannu tana aljihun teburinsa, kusa da busasshen jan biron. Ya fi shekara bai taɓa ta ba. Wata safiya da ba kowa a benci, ya ciro ta, ya sa sabuwar takarda a tafireta, ya buga ta yadda take, bai ƙara ko ranka ya daɗe ba. Da ya zo ƙarshe maɓallin alamar tambaya ya ƙi sauka, sai da Mai Hoto ya ɗiga masa man keke. Ya ce wa Mai Hoto ya duba agogo, shi kuma ya miƙe tsaye ya karanta ta da ƙarfi, yana fuskantar ofishin ɗaukar ma'aikata, wanda yanzu rabinsa an ba masu sayar da katifa haya.

Mai Hoto ya ce, "Daƙiƙa ashirin da shida. Da har canji za a ba ta."

Akawu bai yi dariya ba. Ya sa ta a ambulan, ya kai tasha ya ba direban motar garin da Auta take. Wannan karon bai cire kwafi ba.

Ranar Juma'a ta kira. Bayan gaisuwa ya yi ta jira ta ambaci takardar, har sai da ya tambaya ko direba ya kawo saƙo.

Ta ce, "Na gani, Baba. Bugun ya yi kyau." Sannan ta ƙara da cewa, "An riga an yi zaɓen ai. Ba ni Mama."

Ya miƙa wa uwarta wayar. Washegari ya fita da wuri kamar kullum, don wani tsohon mai gadi ya ce zai zo a buga masa takarda. Mutumin ya zo, ya zauna a benci, ya ce a sa masa yabo sosai, ya ji an ce Akawu ya iya. Akawu ya sa takarda da kabon, ya tambaye shi ko an yi rashi a dangi kwanan nan.